Moɗar da Ke Cikin Silin

A kwalejin kowa Injiniya yake ce masa, har Shugaba. A gida kuwa Auta ne, kuma Auta zai ci gaba da zama ko da furfura ta rufe masa kai. Dogo ne, marar yawan dariya, mai son ya ga komai a kan layi: biro uku a aljihun gaba, takalmi a goge, kowace waya da lambarta manne a wuya. Shekara goma sha shida ke nan yana kula da kwamfutocin kwalejin da wayoyin da suka haɗa su, abin da ake kira netwok. In za a faɗi gaskiya ya iya aikinsa, sai dai ya san ya iya, kuma ba ya barin kowa ya manta. Matarsa ma takan ce ko gishiri za ta ajiye a kicin sai ta duba ko ya manna wa wurin lamba.

Wanda ya sa masa aikin a hannu yayansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ba shi shekara goma sha ɗaya. Mahaifinsu ya rasu Auta yana goye, don haka a hannun Yaya ya tashi. Yaya ya fara ne da gyaran wayar tarho tun ana hawa falwaya da igiya a ƙugu. Da zamanin wannan ya wuce sai ya koma jan wayar kwamfuta, ya koya da ido da hannu, ba shi da takardar kowa. Shi ya ja waya ta farko a kwalejin, shi kuma ya yi ta zarya a ofishin ɗaukar ma'aikata har aka ɗauki ƙaninsa bayan ya gama karatu.

Yaya ba ya rubuta komai. Dabara biyu gare shi, da su yake riƙe da kwalejin baki ɗaya. Matarsa tela ce, don haka aljihunsa ba ya rabuwa da guntayen zare. Duk wayar da ya ja sai ya ɗaura mata zare a kai da gindi: kore na babban zaure, ja na ofisoshi, fari na laburare, yawan ƙulli kuma ya gaya maka wane ɗaki. Ta biyu, kowace na'ura sai ya raɗa mata sunan kayan gida. Babbar kwamfutar da sauran ke ɗiban komai a wurinta, wadda masana ke ce wa saba, shi Randa ya sa mata. Akwatunan da ke rarraba waya a kowane gini tuluna ne, akwai Tulun Bene, akwai Tulun Zaure. Na'urar buga takardu mai yawan cukurkuɗe takarda kuwa Turmi. Har masu shara sun san sunayen. Sai ka ji masinja ya leƙo yana cewa, "Malam, a zo, Turmi ya sake daka takardar Shugaba."

Aka tura Auta kwas na wata tara, ya dawo da takarda mai hatimi, aka ɗora shi a kan Yaya. Yaya bai ji komai ba, shi ma ya fara zuwa yi masa murna, har ya goge masa sabon tebur da hannun rigarsa. Abin ya lalace ne a wani taron ma'aikata, bayan netwok ya kwana biyu a kwance saboda ɓera ya ci waya a silin. Shugaba, mace mai tabarau wadda ba ta son dogon bayani, ta tambayi dalili. Auta ya miƙe. Da ya ce ɓera ne ya koma ya zauna, da an wuce wurin. Sai ya gyara murya.

"Ranki ya daɗe, ba za a ci gaba da riƙe kwaleji da zaren tela da sunayen kayan kicin ba. Wannan ba aiki ba ne, kame-kame ne."

Aka yi dariya, har da masu buga tebur. Yaya ma ya ɗan murmusa. Ya cire hularsa, ya leƙa cikinta kamar ya ajiye wani abu a ciki, ya mayar. Magana zarar bunu ce, kuma Auta tun bai gama zama ba ya ji ɗacinta a bakinsa, amma girman kai ya ce masa ai gaskiya ya faɗa.

A hutun da ya biyo baya ya bi kwalejin da almakashi, ya yanke duk zaren, ya manna lambobi, ya zana taswira ya kafa a bango. Ya ɗauke Randa daga ƙuntataccen ɗakin da ke ƙarƙashin matakala, inda take zaune kusa da baturanta, ya kai ta sabon ofishinsa mai sanyi. Ya canza mata suna zuwa wasu haruffa da lambobi da ba wanda ya iya riƙewa, shi ya sa har yau kowa Randa yake cewa. Baturan sun yi nauyi, ba su ɗauku ba. Ya rubuta takarda a sayo sababbi, takardar ta shiga inda takardu ke shiga. Da ya ga ba wanda ya kawo ƙorafi sai ya manta. Yana ma yawan bugun ƙirji cewa tun da ya gyara tsarin, ko sau ɗaya ba a wayi gari netwok yana gardama ba.

Tsakaninsa da Yaya ya koma sai gaisuwa. Yaya ya shiga ce masa "Ranka ya daɗe, Injiniya," ba da gatse ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Bayan wata bakwai Yaya ya fara rama, idonsa ya yi rawaya, aka kwantar da shi a asibiti. Auta ya je dubiya ya fi sau goma, kullum da gajeriyar magana a bakinsa: Yaya, ka yafe min. Kullum kuma sai ya sami dalili, ko ɗaki ya cika da mutane, ko Yaya ya gaji, ko ana jiransa a ofis. Ya ajiye ledar lemo, ya ce gobe. Wata safiyar Talata yana kan tsani aka kira shi a waya aka gaya masa.

Shekara biyu ke nan. Bai yi kuka a wurin jana'iza ba, mutane suka ce yana da tawakkali. Shi ya san ba tawakkali ba ne, wani abu ne ya tokare masa ƙirji, ya ƙi hawa ya ƙi sauka. Ya daina bin ta gaban ɗakin ƙarƙashin matakala, gara ya zagaya ta bayan laburare ko ana ruwa. In wani ya ce masa ranka ya daɗe daga baya, sai gabansa ya faɗi kafin ya juya. Ba abin da ya rage na Yaya a kwalejin, ko zare ɗaya, kuma shi ya yi wannan aikin da hannunsa.

Bana kwalejin ta nemi izinin zama cibiyar rubuta jarrabawa da kwamfuta. Aka cika babban zaure da sababbin kwamfutoci ɗari da ashirin. Hukumar jarrabawar tana da sharaɗi: ba a ajiye manhajar jarrabawa a cikin kowace kwamfuta, don gudun maguɗi. Kowace safiya da an kunna ta, ita da kanta za ta je ta ɗebo sabuwa daga Randa, ba hannun kowa. Kwamfuta in ta farka kamar baƙo ce da ya sauka a tasha, ba ta san inda take ba, sai ta yi kira a cikin waya. Randa ta amsa mata da abu biyu: ga adireshinki, ga kuma inda kayanki suke. Ta je ta ɗauko, jarrabawa ta bayyana a allo. Duk wannan bai kai minti biyu ba.

Masu duba cibiya za su zo ranar Alhamis ta sama. Shugaba ta kira shi ofis, ta cire tabarau ta ajiye.

"Injiniya, ba zan ɓoye maka ba. Akwai kamfanin da ke neman a ba shi aikin kwamfutocin nan gaba ɗaya, kuma majalisar kwaleji ta fara saurarensa. In zauren nan ya tashi ranar Alhamis, kana nan. In bai tashi ba, ba ni da bakin kare ka."

"Zai tashi, ranki ya daɗe. Ni na tsara shi."

Litinin aka yi gwajin farko. Uwar Zaure, matar da ke riƙe da makullan wurin, ta bi layi-layi tana danna maɓalli. Ɗari da uku suka tashi. Goma sha bakwai suka tsaya da baƙin allo da rubutu layi ɗaya, wai sun sami adireshi amma ba a gaya musu inda za su ɗauko kaya ba. Aka kashe aka sake kunnawa, suka tashi lafiya lau. Talata duka suka tashi, Auta ya yi ta yawo hannu a aljihu. Laraba talatin da ɗaya suka ƙi, kuma ba na Litinin ba ne, wasu ne daban a ɗaya gefen zauren.

Ba abin da bai yi ba. Ya gwada wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya sake matse kawunan guda arba'in har yatsunsa suka yi kanta. Ya zargi Tulun Zaure, ya ce ƙila ƙofofinsa, ramukan da ake jona waya, su ne ke nauyin buɗewa kwamfutocin suna rigansu tashi. Ya shiga ya gyara wannan, washegari ashirin da biyu suka ƙi. Ya zargi kwamfutocin kansu, ya kira ɗan kwangilar da ya kawo su. Mutumin ya zo da rana tsaka, ya kunna su sau uku suna tashi, ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Injiniya, ko dai hutu kake bukata?" Abin da ya fi ɗaure masa kai ke nan. Da rana ko sau ɗari za a kunna ba gardama, sai da safe, kuma ba kowace safiya ba.

Magana ta fara yawo a kwalejin. Uwar Zaure ta daina shiga ita kaɗai, in ma za ta shiga sai ta yi sallama a bakin ƙofa ta ɗan jira, kamar za a amsa. Tsohon maigadi, wanda ya yi shekara ashirin suna shan shayi da Yaya, ya tare shi a hanya.

"Injiniya, ni dai ban yi boko ba. Amma marigayi bai gama fita daga zauren nan ba."

"Baba, don Allah ka tsaya a kan ƙofarka. Waya ba ta san fatalwa ba."

Da ƙarfi ya faɗa, amma ranar abincin da matarsa ta ajiye masa a inda yake ya huce.

Asabar ya yi sammako, ya riga masinjan da ke tayar da janareta, don an kwana ba wuta. Ya jona laftop ɗinsa a jikin Tulun Zaure, ya sa ta saurari duk abin da zai wuce a waya, kowane kira da kowace amsa, ta rubuta masa. Zauren shiru, kujeru ɗari da ashirin sun juyo suna kallonsa. Janareta ta tashi, fitilu suka kama. Uwar Zaure ta fara dannawa daga layin da ke kusa da ƙofar da ta shigo. Kiraye-kiraye suka fara zubowa a allonsa, Randa ba ta amsa ba. To da me za ta amsa? Ita ma yanzu wuta ta zo mata, ga ta tsohuwa, sai ta yi minti huɗu tana miƙa kafin ta san inda take. Nan take ya tuna da takardar batura da ya rubuta ya manta.

Ya ce a ransa wannan mai sauƙi ne, sababbin kwamfutocin an saita su su yi ta kira har a amsa, minti huɗu ba za su kashe kowa ba. Yana cikin wannan tunani sai ya ga amsa ta shigo. Ba daga Randa ba, daga wani daban. Ya duba lokacin da ke gefen rubutun: kira, shiru na daƙiƙa biyar, sannan amsa. Kira na gaba ma haka, biyar cif. Mai amsar yana ba da adireshi daidai kuma cikin tsari, daga wasu lambobi na can ƙarshe da Auta bai taɓa amfani da su ba. Inda kaya suke ne kawai bai sani ba. Kwamfutocin kuwa da sun ji an amsa sai su daina kira, su tsaya da rabin labari. Da Randa ta farka ta fara amsawa, ɗayan ya yi tsit kamar ba a taɓa yin sa ba.

Ya gano cutar, ya kamata ya yi murna. Ranar da aka kwana da wuta Randa ba ta barci, komai ya tafi daidai. Ranar da aka kwana babu, waɗanda Uwar Zaure ta fara kunnawa su ke faɗawa hannun mai amsar nan, ita kuma yau ta shigo ta nan gobe ta can. Saura ya san wane ne. Ya buga tambaya, ya ce wa na'urar ta faɗi sunanta. Kalma ɗaya ta fito a allo: moɗa.

Ya rufe laftop ɗin da sauri. Mutum ɗaya ne a duniya zai ga randa ya ajiye mata moɗa, kuma shi da hannunsa ya zuba masa ƙasa.

"Injiniya, lafiya?" in ji Uwar Zaure. "Ka ga fuskarka kuwa?"

Ya ce kansa ne ke ciwo. Ya sake buɗewa a hankali, kalmar tana nan inda take.

A taswirarsa babu moɗa. Tulun Zaure ya nuna masa cewa maganar daga ƙofa ta ashirin da uku take fitowa, wadda shi ya rubuta wa "babu komai" a taswira. Ya leƙa ya ga waya a jone, ta bi ta bayan akwatin ta shige silin. Ya ɗauko tsani. Maigadi ya zo ba a kira shi ba, ya riƙe masa.

Cikin silin zafi ne da ƙura da kashin ɓera. Ya haska tocila. Wayoyi kwance a jere, kowace da lambarta, sai guda ɗaya da ba ta da lamba. A wuyanta an ɗaura koren zare, ƙulli uku. Ya san ya yanke duka, ya ma ƙirga su a lokacin, ke nan wannan bayan almakashinsa aka ɗaura shi. Ya bi wayar da rarrafe a kan katako, gwiwa na zafi, har kusurwa. A can, bisa wani guntun tayil, ga wata 'yar na'ura ba ta fi tafin hannu biyu ba, da ɗan batirinta a gefe. An ɗinka mata riga da shuɗin yadi saboda ƙura, an bar mata ƙofofin shan iska. Wata koriyar fitila tana ƙiftawa a hankali a goshinta.

Abin da ya rage ya zare waya ɗaya aikinsa ya tsira. Ya miƙa hannu, hannun ya ƙi. Ya zauna nan cikin zafi yana kallon fitilar har maigadi ya kira shi sau biyu daga ƙasa. Ya ɗauki hotonta da wayar hannu, ya sauko ya bar ta. A ofis ya gwada shiga cikinta don ya koya mata inda kaya suke, ta nemi lambar sirri, Yaya kuma ba ya rubuta komai. Hanya ɗaya ce, a soka mata tsinke a wani ɗan rami ta manta duk abin da aka koya mata, har sunanta. Wannan ma ya kasa.

Lahadi da la'asar ya tafi gidan Yaya. Tun rasuwar ba ya zama a gidan, matarsa yake aikawa da saƙo, in ya zo ma daga tsaye yake gaisuwa. Ya tarar da matar Yaya a baranda tana taka keken ɗinki.

"A'a! Yau wace iska ta kwaso mana Injiniya? Ko ɓatan kai ka yi?"

"Anti, ina wuni."

"Lafiya lau. Zauna mana, kujerar ba ta cizo."

Ya zauna a bakin-bakin kujera, ya miƙa mata hoton. Ta kawo shi kusa da ido, ƙafarta ta tsaya a kan keken. Ta daɗe tana kallo.

"Ni na ɗinka. Ragowar yadin rigarsa ce. Har yanzu tana ci?"

"Tana ci."

"Watan da ya fara rama ne," in ji ta. "Ranar hutu ya shirya zai fita, na ce ina za ka, kai da ko buta ka ɗauka sai ka huta? Ya ce akwai ɗan aiki. Da na matsa sai ya ce ka raba Randa da baturanta, in aka ɗauke wuta aka kawo, kwamfutocin ofisoshi za su yi kira ba amsa su haƙura, ma'aikata su taso maka. Na ce to ka faɗa masa mana. Ya ce in ya faɗa maka za ka ɗauka ramuwa yake, in kuma ya faɗa wa Shugaba ya tsinka ka. Na ce mutumin da ya tsinka ka a gaban jama'a? Ya ce, 'Auta ya fi ni iya aikin nan, abu ɗaya ya manta.' Har yana dariya, wai ya koya wa na'urar ladabi, ba ta sa baki sai ta ji Randa ta yi shiru."

Auta yana kallon ƙasa, inda guntayen zare suka watsu a gindin keken.

"Ni kam, Auta, ba zan ɓoye maka ba, na ji haushinka, har yau ma bai gama fita ba. Amma ka san abin da ya fi ci min rai? Asibiti. Duk ranar da ka zo ka tafi sai ya ce mana, 'Auta da magana a bakinsa, in ya sake zuwa ku ba mu wuri.' Ka zo, mu tashi mu fita waje, kafin mu zauna ka biyo mu wai ana jiranka a ofis."

Da ƙyar ya gaya mata halin da ake ciki, cewa yanzu na'urar ce ke hana zauren tashi, kuma ranar Alhamis aikinsa ne ke cikin haɗari.

"To me kake jira? Cire ta. Don rufin asirinka ya sa ta, ba don ta ci maka aiki ba. Da yana nan da tuni ya hau ya cire, ko da a kan tsanin za a ɗauko shi."

Ta ci gaba da taka keke. Da ya miƙe zai tafi ta ce ya tsaya ya ci abinci, ya tsaya.

Litinin akwai taron ma'aikata, a wancan ɗakin dai. Ya miƙe ya faɗi komai: laifin nasa ne, kusan shekara uku Randa ba batir, kuma wanda ya sa aka yi wa dariya a nan kan zaren tela shi ya yi ta rufa masa asiri, yana raye da bayan ransa. Ya zaci ɗakin zai girgiza. Ashe rabin waɗanda suka yi dariya ranar sun bar aiki, sauran sun manta. Wani sabon malami ya raɗa wa na kusa da shi, "Wane zare?" Shugaba ta ce, "Allah ya ji ƙansa. Zauren zai tashi ranar Alhamis?" Ya ce zai tashi, aka wuce batu na gaba.

Daga taron ya je ya buɗe ɗakin ƙarƙashin matakala, karon farko cikin shekara biyu. Kujerar Yaya tana nan, mai gajeriyar ƙafa ɗaya da aka tokara da kwali. Baturan ma suna nan, huɗu da rai biyu sun mutu, ya aro biyu daga laburare. Shi da masinja suka ɗauko Randa suka mayar da ita mazauninta, inda ko an ɗauke wuta ba za ta yi barci ba. Ya yi fatan wannan ya isa, ya bar moɗa inda take, tun da ba ta magana sai an yi shiru. Talata ya sa aka kunna duka ɗari da ashirin lokaci guda, yadda masu duba ke yi. Kira ya yi wa Randa yawa, na ƙarshen layi suka jira fiye da daƙiƙa biyar, moɗa ta tausaya musu ta amsa wa huɗu. Huɗun suka tsaya da baƙin allo.

Laraba da yamma ya sake kafa tsani, maigadi ya riƙe.

"Ni na riƙe wa marigayi ranar da ya kai ta sama," in ji tsohon, yana kallon bango. "Sau uku yana hutawa kafin ya kai sama. Ya ce kada in faɗa. Ban kuma san ita ce ke damun ka ba."

Auta ya rarrafa zuwa kusurwar. Ya yi bisimilla ya zare wayar netwok, sannan ta wuta. Fitilar ba ta mutu ba, ɗan batirin ya riƙe ta, ta ci gaba da ƙiftawa a hannunsa har ya sauko ƙasa. Sai a ofis, ƙofa a rufe, ya zare batirin. Ya kwance koren zaren ya sa a aljihun gaba, bayan birukan nan uku.

Alhamis an kwana ba wuta. Masu duba uku suka iso da takardunsu, babbansu ya dubi agogo ya ce a kunna. Auta yana tsaye a bayan zaure da laftop ɗinsa. Kira ya zubo kamar ruwan sama a kan kwano, Randa ta yi ta amsawa, alluna suna kamawa layi bayan layi. Na ƙarshen layi suka yi kira, shiru. Sai ya tsinci kansa yana ƙirgawa a ransa: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Shida. Bakwai. Ba wanda ya sa baki. A ta tara Randa ta iso gare su, allo na ɗari da ashirin ya yi haske.

Babban mai duba ya sa hannu a takarda, Uwar Zaure ta hau tafi. Shugaba ta juyo za ta yi masa barka, ta ga mutum ya dafa tebur yana kuka, kuka sosai, kafaɗa na rawa, irin wanda bai yi ba a maƙabarta. Suka ce farin ciki ne, ai ya sha wahala. Maigadi ne kaɗai ya tako daga bakin ƙofa, ya durƙusa kusa da shi yadda ake yi wa wanda aka yi wa rasuwa yau.

"Sai haƙuri, Auta. Allah ya ji ƙansa."

Ya ce amin.